Daga bayan uwa zuwa gado mai hawa biyu: tarihin makwancin yara a gidajenmu

 

Kwanakin nan akwai wasu hotuna da ke yawo a wayoyin mata, wannan ta tura wa waccan. Ɗakin yaro ne an shafe shi da shuɗin fenti, gadonsa an ƙera shi kamar ƙaramar mota har da tayoyi. Na yarinya kuwa ruwan hoda, labule mai furanni, ƴan tsana a jere, da ɗan teburin karatu a gefen taga. A ƙasa sai ka ga an rubuta "Allah ka ba mu". To amin. Sai dai mun san gidajen da hotunan nan suka fara jawo ƴar tsama tsakanin mata da miji, ita tana cewa ɗiyan wance suna da ɗakinsu, shi kuma yana cewa da kuɗin haya zai ji ko da buhun hatsi. Shi ya sa yau muka ce bari mu waiwaya baya mu tambayi kanmu: wai a ina yaran ƙasar nan suke kwana tun zamanin kakanni, kuma yaushe wannan abin da ake kira ɗakin yara ya shigo mana?

A gidan Bahaushe na da, ɗaki na mace ne. Ka shiga tsohon gida a unguwar Birni ko Zango a Damagaram, ko a Tsibiri, ko a Ƙonni, tsarin kusan ɗaya ne. Zaure a bakin hanya, sai ƙofar gida, sai wani ɗan zaure na biyu mai tsare idon baƙo, sannan cikin gida inda kowace mata take da ɗakinta. Maigida in mai hali ne yana da turaka, in babu sai ya bi ɗakin mai girki. Ba wanda ya taɓa auna ƙasa ya ce nan na yara ne. Yaro tafiya yake daga makwanci zuwa makwanci, kuma in ka san inda yake kwana ka san shekarunsa, ba sai ka tambaya ba.

Gadonsa na farko bayan uwa ne. Zane da majanyi, shi ke nan an gama shimfiɗa. A nan yake barci tana daka, tana ɗiban ruwa, tana tafiya gona. Da dare kuma yana gefenta. A kwana arba'in ɗin jego, a wurare da yawa mai jego tana kwanciya a kan gadon ƙasa, wanda ake ginawa da laka a jikin bango, a bar masa rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi. Ga wankan tafasasshen ruwa safe da marece, ga kunun kanwa. Tsofaffi sun ce sanyi ake kora daga jiki. Daga baya likitoci a Zariya da Yamai suka lura cewa wannan zafi da yawan kanwa suna da hannu a kumburi da ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, shi ya sa ungozomomin asibiti suke ta faɗa da al'adar har yau. Jariri dai a cikin wannan ɗumi da hayaƙi yake buɗe ido.

Idan ya kai kusan shekara biyu sai yaye. A ɗauke shi a kai wa kaka, wai kwana kaɗan har ya manta da nono. Da yawanmu daga wannan kwana kaɗan ɗin ba mu sake komawa ɗakin uwa ba. Balle ɗan fari, wanda uwarsa ke jin kunyar ko kiran sunansa, shi kam tun farko na kaka ne.

In akwai abin da ya yi kama da ɗakin yara a tarihinmu, to ɗakin kaka ne, kuma ya cancanci mu ɗan tsaya a cikinsa. Sau da yawa zagayayyen ɗaki ne mai rufin ciyawa, a birni kuma soro ne da aka rufe da azarar giginya. Ƙasan daɓe ne. Waɗanda suka ga ana daɓe sun san biki ne guda: mata su taru, kowacce da madaɓinta, a zuba tsakuwa a yayyafa ruwa, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta kwanta, sannan a bi ta da ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, ta yi ja tana sheƙi. A gefe ɗaya gadon kara na tsohuwa, karan dawa ne aka jera aka ɗaure da igiya. A sama ragaya tana rataye da ƙorai, nesa da ɓera da hannun jikoki. Bayan ƙofa randa da moɗa. Ƙofar kanta asabari ne ke rufe ta. Akwai adaka guda wadda ba mai taɓa ta, da wata tukunya can ƙurya da kowane jika ya san abin da ke ciki, ƙuli-ƙuli ne ko goriba ko magarya, amma ba a buɗewa sai an yi abin kirki. Haske kuwa aci-balbal ce, ɗan kasko da man gyaɗa da lagwanin auduga, ita ma ba ta daɗewa ake hure ta don mai na da tsada. A cikin wannan duhun ne aka ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi, aka yi mana kacici-kacici, aka gaya mana sunayen kakannin da ba mu gani ba da garin da suka baro.

Kayan yaro nasa na kansa a ɗakin nan guda biyu ne, tabarma da mayafi. Tabarmar kaba ce, wadda ake saƙawa daga ganyen ƙananan goriba, kuma wanda ya samu ta Madawa mai launi ya samu abin nunawa. Mayafin tsohon zanen tsohuwa ne, in ɗari ya yi tsanani a fito da gwado a lulluɓe mutum uku da shi, ana ja ana faɗa har barci ya raba gardama. Da safe kowa ya naɗe tasa ya jingine a bango, ɗaki ya koma na zama. Mai fitsarin kwance kuwa shi zai ɗauki tasa ya kai rana, duk gida na kallo. Wallahi wasu har yau ba su manta wannan tafiyar ba.

Daga shekara bakwai zuwa goma hanya ke rabuwa. Malamai sun dogara da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya yi umurni a sa yara salla suna da shekara bakwai, a kuma raba musu makwanci in sun kai goma. Yarinya takan zauna wajen kaka ko gwaggo har ranar da za a kai ta ɗakinta. Namiji kuwa, bayan an sha shi ya warke, sai a tura shi waje, zaure ko wani ɗaki a ƙofar gida, tare da yayyensa da ƴaƴan baffanni da almajiran malam in gidan malamai ne, da duk baƙon da dare ya yi wa. Zauren nan ba a sake yake ba. Ƙyaure ɗaya gare shi, dattijo na kusa, kuma da asuba in ya fito alwala yana ƙirga kawuna. Wanda bai kwana nan ba sai ya faɗi inda ya kwana. In saurayi ya tasa, bayan kaka ya tara abokai su buga tubali su tayar masa da ɗan ɗaki a ƙofar gida. Wannan shi ne ɗaki na farko da ɗa namiji ke yi wa ado da kansa. A da farar ƙasa ce da buzu da sanda. A zamaninmu ya zama kalanda da hotunan da aka yanko daga jarida, na ƴan ƙwallo da ƴan wasan Indiya, da na ƴan kokowa bayan da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka.

Kada daɗin tunawa ya ruɗe mu. Ɗakin nan na kaka akwai kuɗin cizo a gadon kara, akwai ƙuma, akwai kunama a rufi. Da hunturu ana kwana da wuta a kasko, yara su tashi da tari da jajayen idanu, wani lokaci tartsatsi ya kama ciyawa. Da damina sauro ya yi ta shagali. In ƙyanda ko sanƙarau ya shiga ɗakin da yara shida ke numfashi wuri guda, sai dai a yi ta haƙa. Ba da nisa ba, binciken lafiya na ƙasa na 1992 ya nuna cewa a cikin yara 1000 da ake haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Kowace tsohuwa da ta ba mu tatsuniya tana da sunayen da ba ta son a tuna mata.

Canji ya biyo gyaɗa. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, daga baya suka mai da ita babban birni har 1926 da suka koma Yamai. Amma abin da ya taɓa cikin ɗaki ya fi zuwa ta kudu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya ya kai Ƙauran Namoda da Nguru, gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Matamai da Magarya ta samu hanyar fita, kuɗi suka shigo hannun talaka. Kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA, da fataken da ke zuwa Kano, suka kawo fitilar ƙwai da kananzir, da bargo, da kwanonin sha masu fenti, da uwa uba gadon ƙarfe. A Maraɗi kuma ruwa ya ƙara tura lamarin. A 1945 Gulbi ya cika ya ci tsohon garin da ke cikin fadama, aka mai da mutane kan tudu, aka yanka musu filaye da tituna miƙaƙƙu kamar an ja da igiya. A sabon gari ɗaki mai kusurwa huɗu ya yi ta korar zagayayye. Dalili ɗaya kowa na iya gwada shi: ka sa gadon ƙarfe a zagayayyen ɗaki ka ga yadda yake cinye wurin ya bar lungunan da ba su da amfani. Gado mai kusurwa huɗu ɗaki mai kusurwa huɗu yake so.

To wannan arziki duk ɗakin amarya ya nufa. Gadon ƙarfe mai rumfa, katifa bisa katifa da aka cusa wa audugar rimi, matasai har kusan rufi, zanen gado mai aiki, sai jere a jikin bango, tasa da langa da samira da fanteka, an ɗora wannan kan wannan. Yaro kuwa, ko kusa! Wa bai ji "sauka daga gadon nan" ba? Gadon na kallo ne da na baƙi, sau da yawa uwar ma da kanta a ƙasa take kwana da ɗiyanta, ƙarƙashin gadon kuma ma'ajiya ce.

Sai dai a nan akwai abin da masu cewa Bahaushe bai san shirya wa ɗansa ɗaki ba suke mantawa. Uwa tana fara haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki tun tana ƴar shekara bakwai ko takwas. Ribar tallar ƙosai da fura da dafaffiyar gyaɗa, da kuɗin adashi, su ne ke zama kwano ɗaya yau, faranti biyu gobe, a tura ƙarƙashin gado ko a kai ajiya gidan ƴar uwa. Shekara bakwai ko takwas ana tari. Ashe ana shirya wa yarinya ɗaki, kuma da guminta a ciki, illa dai ba za ta shige shi ba sai ranar da ta bar gidan ubanta. Kuma mu faɗi gaskiya, wannan tarin kwanon ya hana ƴan mata da yawa zama a aji. Malamai masu wa'azi, musamman tun da Izala ta shigo daga Najeriya a shekarun 1980, sun yi ta sukar nauyin kayan ɗaki, amma gadon bai ragu ba, sai ma ya sauya daga ƙarfe ya koma katako mai formika da madubi, armuwar ta maye gurbin jeren bango.

Ɗa namiji kuma, gadon farko da ya kira nasa ba a gida ya same shi ba. Lokacin da muka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ƴan kaɗan ɗin da suka ci jarrabawa aka kai su makarantun kwana na gwamnati, irin su Lise Nasiyonal na Yamai, wanda yanzu ake kira Isa Korombe, da makarantun horar da malamai na Tawa da Damagaram. A can ne ɗan ƙauye ya tarar da gadon ƙarfe da katifa da bargo an ce nasa ne shi kaɗai, da wurin ajiye akwati, da mai duba ko ya gyara shimfiɗa da safe. Waɗannan yaran su ne suka zama mushe da likita da ma'aikatan ofis. Da suka tashi yin nasu gidan, abin da suka gani suka so wa ɗiyansu.

Kuɗin yin hakan ya zo da uraniyom. Arlit ta fara fitar da shi a 1971, Akokan ta biyo a 1978, kuma a ƴan shekarun nan na ƙarshen 1970 albashi ya yi auki. Ga simintin Malbaza, ga kwanon rufi. A Yamai aka yi ta gina bila, wasu na SONUCI wasu na masu kansu, a kan zanen da aka kwaikwayo daga Faransa: salon, ɗakin maigida da uwargida, sai ɗaki ɗaya ko biyu da mai zanen ya rubuta wa suna na yara. Nan ne kalmar ta fara shiga bakinmu. Amma duk wanda ya zauna irin gidan nan ya san abin da ya faru da ɗakin. Kafin shekara ta zagayo ƙanen maigida ya zo karatu, ɗan gwaggo ya zo neman aiki, tsohuwa ta zo ganin likita ta yi wata huɗu. Ɗakin da aka zana wa yara biyu ya koma zaure, sai dai yanzu yana cikin gida kuma yana da fanka.

Abin da ya kai ga talaka a wannan zamani katifar soso ce. Kamfanonin Najeriya irin su Vitafoam da Mouka suka cika kasuwa da ita, tana shigowa ta Jibiya zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ta Illela zuwa Ƙonni, ta Ɗan Barto zuwa Matamai da Damagaram. A kasuwa a yanka maka daidai kuɗinka. Ba ta buƙatar gado, a jefa ta ƙasa da dare, da safe a jingine ta kamar yadda ake yi wa tabarma. Aibinta biyu ne kuma uwaye sun san su: tana shan fitsari ba ta saki, in kuma aka sa mata leda sai ta dafa yaro da zafi. Tabarmar roba ita ma ta zo ta danne ta kaba, don ana wanke ta kuma ba ta da tsada, masaƙan kaba suka rasa kasuwa mai yawa.

Daga nan sai shekarun wuya. Farashin uraniyom ya faɗi. A 1984 fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, yunwar da har yau ake kira El-Buhari, mata da yawa suka fitar da jerensu da gadajensu suka sayar don hatsi. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle. Wanda ya ci ribar wannan shi ne mai walda da kafinta na unguwa, da maƙeran kasuwar Katako a Yamai masu mai da tsohuwar ganga akwatin ƙarfe mai fenti. Akwatin nan shi ne armuwar ɗin yaran gidaje da yawa har gobe.

Ana cikin haka mutane suna ƙaruwa. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar, ta 2012 ta samu sama da miliyan 17. Binciken 2012 ya ce mace ɗaya tana haihuwar yara 7.6 a matsakaici, a jihohin Maraɗi da Damagaram ma abin ya haura 8. Gidan gado da kaka ya bari an raba shi gida biyar, kowa ya ja katanga. A birni magidanci yana haya a antire-kushe ko shambur-salon, a jerin ɗakunan da suka haɗa tsakar gida ɗaya da makewayi ɗaya. Kaka tana ƙauye. To ina yara za su?

A nan ne muke ganin babbar asarar da ba a cika magana a kanta ba, wato zaure. Ku duba sabbin unguwanni. Wanda ya samu fili, inda kakansa zai gina zaure shi gareji yake yi ko shagon haya, a sa ƙofar ƙarfe. Ba laifi ba ne neman na cefane. Amma yaro ɗan shekara goma sha uku, wanda ya girmi kwana a salon tare da ƙannensa mata, kuma babu zauren da zai karɓe shi, ya koma ina? Wani a shagon maƙwabci yake kwana, wani a kan benci a ƙofar gida, wani a fada wajen masu shayi har asuba. Fada ba duka ba ce ta lalace, da yawa zumunci ne da taimakon juna da gadin unguwa. Amma babu dattijon da ke ƙirga kawuna da asuba. Uwaye nawa ne a cikinmu za su iya rantsuwa a kan inda ɗansu ya kwana jiya, da wanda ya kwana kusa da shi, da abin da aka ba shi ya sha? Waɗanda kuma suka bar su a ciki, maza da mata da suka fara girma suna kan katifa ɗaya, ba don ba a san hadisin ba, sai don ɗakin ke nan. Mun ga gidajen da suka yi dabara, igiya da labule mai kauri a raba salon biyu da dare, ko a tayar da ƴar rumfar kwano a tsakar gida don samari. Bai kai kuɗin gado mai siffar mota ba.

Idan kuma aka tambaye mu wane kayan ɗaki ne ya fi canza rayuwar yaran ƙasar nan a cikin shekara ɗari, ba za mu yi dogon tunani ba. Sange ne, gidan sauro. A da na masu hali ne da ma'aikata. A watan Disamba na 2005 aka haɗa rabonsa da rigakafin shan inna, aka ba uwayen yara ƴan ƙasa da shekara biyar sange mai magani kyauta, Yamai ta samu nata a farkon 2006, jimilla sama da miliyan 2. A 2006 ɗin aka yanke cewa maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocin gwamnati. Da aka sake bincike a 2012, adadin nan na 318 ya sauko zuwa 127. Ba sange kaɗai ya yi aikin ba, akwai allurai da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Amma yana ciki dumu-dumu. Ƙusa huɗu ko sanda huɗu yake buƙata, yana hawa kan gado, yana hawa kan tabarma, a ɗaki ko a tsakar gida. Abin takaici, har yanzu muna ganinsa an kewaye lambu da shi ko an rufe ƴan tsaki, yaran gidan kuwa suna kwance a fili cikin watan Agusta. Wani kuma maigida ne ya shige ciki shi kaɗai, wai gobe yana da aiki.

Fitila ma tana da nata tarihin. Daga aci-balbal zuwa fitilar ƙwai, wadda ɗan lakwal ke jira a gama tuwo kafin a ba shi ya buɗe kaye, hancinsa ya yi baƙi da hayaƙi. An kafa NIGELEC a 1968, amma wuta ta daɗe tana tsayawa a manyan garuruwa, shi ya sa ɗalibai da yawa a gindin fitilun titi suka yi bitar jarrabawa. Sai fitilun Sin masu batir, sai na hasken rana. Da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, har masu bila sun koma neman ƴar fitilar sola, aka ga ashe ita ce teburin karatun gaske: inda aka ajiye ta nan yara ke taruwa da littattafansu, ko a kan tabarma ne.

Saura bango. Daminar 2024 ba za ta fita daga ranmu da wuri ba. Mutane sama da 300 suka rasu a faɗin ƙasa, jihar Maraɗi ta fi kowa jin jiki, a Damagaram har tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba. Da yawa daga cikin waɗanda aka rasa ba ruwa ne ya tafi da su ba, gini ne ya faɗo musu. Kuma mun san wa ke kwana a jikin bango: yara ake turawa can, manya su kwanta ta bakin ƙofa. Kakanninmu da suka zauna a gidan ƙasa suna da ƙa'ida, kowace shekara kafin ruwan farko a yi yaɓe, a gyara indararo, a cike gindin katanga don kada ruwa ya kwanta. Mu kuma sai mu shafa siminti a kan laka mu yi fenti, mu ɗauka an gama har abada. Simintin ba ya kama laka da kyau, ruwa ya shiga ta tsaga ya jiƙa cikin, waje yana nan fes har daren da zai zube gaba ɗaya. Wanda ke da jika goma na gyaran wurin kwanan ɗiyansa a watan Mayu, magini ya kamata ya fara kira kafin mai fenti.

Yanzu a bakin titunan Yamai da Maraɗi da Damagaram, masu walda sun fara jera wani gado da kakanninmu ba su sani ba sai ƴan makarantar kwana da sojoji, wato mai hawa biyu. Shi ne ya dace da ɗakin haya, yara biyu ko huɗu a wurin mutum ɗaya. Masu saye su lura da abu uku: hawan sama ya kasance da shinge ta kowane gefe, kada a ɗora ƙaramin yaro can, kuma a auna tsakaninsa da fanka da kwanon rufi kafin a biya, don wanda ke sama shi ke shan zafin kwano. A ce wa mai walda ya ƙara ƙarfe huɗu a kusurwoyi na ɗaura sange, hawa biyun duka.

Shi ma dai na wata takwas ne ko tara. Da Afrilu ta kama, zafi ya haura 40, ɗakin kwano ya zama tanda, mai bila da mai antire-kushe duk waje suke fitowa. A yayyafa ruwa a tsakar gida, a baza tabarmi, a kafa sanduna, mata da ƙanana ta nan, samari ta can wajen ƙofa, har sai hadarin farko ya kore su ciki da gudu da katifa a ka.